Maɓallin Hular Malam Tanko Mai-igiya

Duk wanda ya taɓa sallah a masallacin unguwarmu nan Daura zai tuna wani jan mashin da ake ɗaurewa a turke kamar jaki. Ba wasa nake ba. Turke ne na gaske, na icen marke, an kafa shi a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, kuma mai mashin ne ya kafa abinsa da hannunsa. Idan ya iso sai ya sauka, ya zaro igiya daga aljihu, ya zarga ta a tayar gaba, ya ƙulla, ya ja ƙullin ya ji ya zauna, sannan ya tafi alwala. Makullin kuwa yana nan a jikin mashin, ko zare shi ba ya yi. Wannan shi ne kakana, Malam Tanko Mai-igiya, mahaifin babana. Ni ce Rakiya, jikarsa ta fari, wadda bai taɓa kira da sunanta ba sai dai Amarya. Ni kuma Tsoho nake ce masa, ko Angona idan akwai abin da nake nema a wurinsa.

An sha yi masa magana a kan turken nan. Liman da kansa ya taɓa ce masa, "Malam Tanko, da ka riƙa zare makullin ai ya fi wannan igiyar."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, makulli wani ne ya ƙera shi, ban san shi ba, ban san ubansa ba. Wanda ya ƙera ɗaya kuma zai iya ƙera wani. Ƙullin nan kuwa ni na yi shi."

"To in ɓarawo ya zo da wuƙa fa?"

Tsoho ya dube shi kamar ya faɗi abin da bai dace da malami ba. "Wuƙa? A jikin igiya? Ai ko ɓarawo yana da iyaye."

Ikon Allah kuma, ba a taɓa sace mashin ɗin ba. Shi ya ce ƙulli ne. Babana ya ce babu ɓarawon da zai yarda a gan shi a kan wannan mashin.

Tufkar igiya ya gada, ta rama da ta kaba, kuma duk ranar Lahadi yana karar Mai'adua, wato kasuwar dabbobi, da ƙunshin igiyoyi a bayan mashin. Dillalai da Fulani da mutanen Nijar duk sun san shi. Dokarsa ɗaya ce a duniya: abin da aka ƙulla kwance shi ake yi, ba a yankawa. Ban da haka kuma bai yarda da duk wani abu da yake buɗewa da sauƙi ba. Ni tela ce, na taɓa ɗinka masa riga na sa mata zip a aljihu don in burge shi, ya dawo min da ita washegari ya ce in cire masa haƙoran nan.

Ranar da za a yi jerena shi ya ɗaure kayan ɗakina a akori-kura. Aka isa gidan, mata suka yi ca a kan igiyar, wannan ta ja, waccan ta sa haƙori, ƙulli ko gezau. Gwaggo Ladi ta aika a kawo wuƙa. Ashe Tsoho ya biyo motar a kan mashinsa, yana tsaye a ƙofar gida yana gadi. Ya ce duk wadda ta sa wa igiyarsa wuƙa sai dai a fasa auren. Ya kuma ƙi kwancewa sai da ya ci abinci, ya yi la'asar, ya sha hira da dangin ango. Aka yi ta jiran gado har rana ta yi sanyi. Da na yi masa ƙorafi daga baya sai ya ce, "To me kike so in yi? Ina zaman zamana an zo an ɗauke min mata, kuma ni zan yi saurin kafa wa ƙato gado?"

Shekarar da aka matsa wa masu mashin da dokar hular kwano, kun dai tuna abin da aka yi a garin nan. Wani ya kifa ƙwarya, wani ya huda bokitin fenti ya sa masa zare, 'yan acaɓa suna karɓa-karɓa da hula ɗaya. Babana ya sayo wa Tsoho ta gaske daga Katsina, fara, mai nauyi, duk muka zuba ido mu ga yadda zai yi wurgi da ita. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ciki. Sai idonsa ya kai kan maɗaurin haɓa. Irin na da ne, mai zobba biyu na ƙarfe, wanda sai ka zura bel ɗin ta cikinsu, ka dawo da shi ta tsakani, ka ja. Ya zura, ya ja, ya sake ja. Ya ce, "Wanda ya yi wannan ya taɓa kiwon akuya." A bakin Tsoho babu yabon da ya wuce wannan. Duk da haka bai bar abin yadda ya zo ba, sai da ya ƙara nasa ƙullin a kan zobban, wai mutumin ya yi ƙoƙari, sai dai bai gama aikin ba.

Ga kuma gemu. Tsoho yana da nasa tun kafin a ƙaddamar da shari'a a jihar nan samari su fara sakin nasu, kuma yakan ce nasa ya girmi dokar. Saboda haka sa hula ya zama aiki guda: a ɗaga gemu, a zura, a ja, a ƙulla, a sauke gemu a taje shi a kan ƙullin. Cirewa ma haka take, sai dai ta fi cin lokaci.

Wata Lahadi masu kaki suka tare hanyar Mai'adua, suka tara masu ƙwarya da masu bokiti a gefen titi. Sai ga Tsoho tafe da hularsa fes. Babbansu ya ji daɗi, ya tsayar da shi ya ce, "Baba, don Allah ciro ta in nuna wa waɗannan yadda hular kirki take." Tsoho ya kashe mashin, ya nemi abin da zai ɗaure shi, ya samu ƙarfen allon hanya. Sannan ya ɗaga gemu ya soma kwancewa, yana yi yana bayani: bambancin zarge da ƙulli, dalilin da ya sa igiyar rama ta fi ta leda, yadda kakansa ya taɓa ɗaure wani mahaukacin raƙumi. Ma'aikatan suka kewaye shi suna kallo. Kafin hula ta bar kai masu ƙwarya sun sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rage sai wani mai bokiti da mashinsa ya ƙi tashi. Tsoho ya miƙa hular ya ce, "Ga ta, nuna masa." Tun daga ranar 'yan acaɓar hanyar nan ba sa wuce shi ba su ɗaga masa hannu ba.

Bayan rasuwar kakarmu Hajiya Indo gida ya yi wa Tsoho faɗi. Lahadin nan ita kaɗai ta rage masa. Tun daga Alhamis yake shirinta. Can abokansa suke, can ake tsokanarsa ya rama, can ne har lokacin ake cewa a kira Malam Tanko idan bijimi ya gagari ɗauri. Babana kuwa hankalinsa bai kwanta ba. Yana ganin tsufa ya kama tsohon, hanyar kuma cike take da manyan motocin shanu. Ya faɗa a gabanmu cewa duk ranar da ya ga hannun Tsoho ya fara gazawa zai karɓe mashin, ko da za a yi fushi da shi. Maganar ta koma kunnen Tsoho. Babana ɗan fari ne, kuma tsakaninsu akwai kunyar nan ta mutanen da: Tsoho ba ya kama sunansa, ba sa haɗa ido, magana in ta wuce gaisuwa sai a nemo ɗan aike. Ɗan aiken kuwa kusan kullum ni ce.

Alamar farko a wurin suna muka gan ta, ba mu gane ba. An yi wa ƙanina haihuwa, maza suka taru da safe a ƙofar gida, kowa da hularsa ta mutunci, sai Tsoho a tsakiyarsu da farar hular kwano. Aka ce ya cire ya sha iska, ya ce sauri yake yi. Mai saurin nan da shi aka yi addu'a, da shi aka raba goro, da shi aka feɗe rago, har waina ya ci ta ƙarƙashin gilashi. Mu kuma muna cikin gida muna ta dariya. Na aika masa cewa in yaƙi za a yi ya faɗa mana mu ɓuya. Ya aiko a gaya min kyansa ne ya yi yawa, yana tsoron bakin mutane.

Wata Lahadi cikin bazara ina kan keke ina ɗinki, rana ta soma karkata, sai na ji ƙarar mashinsa a ƙofar gida. Na yi mamaki, don Tsoho ba ya baro kara sai gab da magariba. Ƙarar na tsayawa sai ga shi ya shigo, abin da ya nuna min ko ɗaure mashin bai tsaya yi ba. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf.

"Amarya, mijin naki na biyu yana nan?"

"Ya fita. Lafiya, Tsoho?"

"Kori yaran nan waje."

Na kore su. Ya zauna a kan tabarma, ya ɗaga gemunsa da bayan hannu ya ce, "Kwance min."

Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga hannuwansa. Yatsun suna rawa, bakinsu duk ya yi ja saboda fama. Ya ce sun daɗe suna yi masa haka. Riƙo yana nan da ƙarfinsa, amma bakin yatsun ba ya jin abu, kamar ya sa musu safa. Tufka ma ya daina ba wanda ya sani, igiyoyin da yake kaiwa kasuwa tsohuwar ajiya ce. A gida da wata ƙusa yake lallaɓa ƙullin hular har ya saki. Yau kuwa ya manta ƙusar, gumi kuma ya kumbura bel ɗin.

Na ce, "Ka yi azahar?"

Ya girgiza kai. Hular ta rufe masa goshi, ba halin shafar kai, ba halin sujada. Ya ce da aka kira sallah a kasuwa ya zagaya bayan wata motar shanu yana ta fama har aka idar.

"Duk mutanen kara ba wanda zai taimaka maka?"

"Ni Tanko in je in ce wa dillali kwance min ƙullina? Kafin in iso Daura labari ya riga ni zuwa wurin wancan." Wancan ɗin babana ne.

Na ɗauko basilla na durƙusa a gabansa. Wallahi ban taɓa sanin irin ƙullin da mutumin nan yake yi ba sai ranar. Na soka ta nan, na ɓanɓara ta can, abu ya zama kamar dutse. Na miƙa hannu na ɗauko almakashi, ya ce, "Ajiye." Na ajiye. Na ci gaba da basilla, gumina yana ɗiga a kan nasa, shi kuma sai leƙen inuwar katanga yake yi ta gefen ido, yana ganin lokacin azahar yana ƙurewa. Ya ce da ƙaramar murya tun da ya balaga bai taɓa barin sallah ta fita ba yana zaune lafiya. Na ƙara danna basillar.

Can sai muka ji ladan ya hura lasifika, irin hurawar da yake yi kafin ya fara kiran la'asar. Tsoho ya runtse ido kamar wanda za a yi wa allura.

"Yanke."

Na yanke. Ya cire hular, kansa har tururi yake yi, ya suri buta. Bayan ya sallame ya gyara zama a kan tabarma. Sannan ya lalubo guntun ƙullin da na yanke ya sa a aljihu.

"Ke kika yanka," in ji shi.

"Kai ka ce in yanka."

"Ni cewa na yi. Hannun naki ne." Sannan ya ce, "Amarya, in aka karɓe mashin ɗin nan sai dai in zauna a zaure ina gadin kaji."

Tausayinsa ya kama ni har sai da na juya baya na yi kamar ina neman zare. Amma tsoro ma ya kama ni, don na san babana ba mugunta yake nufi ba. Na ce, "To birki fa? Hannun da bai kwance ƙulli ba zai kama birki?" Bai yi musu da ni ba, wuyan hannuna kawai ya kama ya matse har na yi ƙara. Awarwaron da ke hannuna ranar har yau a lanƙwashe yake.

Na ce masa akwai mafita, a cire zobban nan a sa irin maɓallin da ake dannawa ya buɗe nan take. Ya dube ni kamar na ce ya aske gemu. Na ciro na tsohuwar jakar makarantar 'yata Hafsatu, na roba, na nuna masa yadda ake yi. Ya ce kayan 'yan boko ba za su hau haɓarsa ba sai sun ci jarrabawa. Muna da wani rago da muke kiwo na layya, ƙato, mai mugun hali. Tsoho ya ce abin da bai riƙe rago ba ba zai riƙe kansa ba. Ya sa na kwance igiyar ragon daga turke na haɗa maɓallin a tsakani, yana faɗa min yadda zan ƙulla yana tsaki. Sannan ya ɗauki kwanon dusa ya tsaya inda bakin ragon ba zai kai ba, ya riƙa kaɗa shi.

Rago ya yunƙura sau ɗaya, roba ta ce ɓas. Ya bi ta kan kwanon, ya ture min tukunyar kamu, ya fice ta zaure, sai a bakin rijiyar unguwa aka kamo shi. Tsoho yana tsaye gemu duk dusa, bakinsa har kunne, yana cewa, "Kin gani ko? Kin gani?" Murna yake yi, ya manta cewa shi ne ba shi da hula.

Lahadin da ta biyo baya bai je kara ba, don ba ya hawa mashin da kai a buɗe tun da ya saba. Ya ce wa mutane mashin ne yake mura. Na leƙa da rana na same shi a zaure ya yi tagumi, kaji suna kiwo a gabansa. Ban tsaya ba na juya, don ba zan iya kallonsa a haka ba.

Da maigidana, Abban Hafsatu, zai shiga Kano sarin yadi, na kwatanta masa abin da nake so a wurin masu kayan mashin, na ce kada ya tambaye ni na waye. Ya kawo min na hular kwano na asali, mai harshen ƙarfe irin na bel ɗin mota. Ana tura harshen ya ce ƙas, in za a buɗe kuma sai an matse wasu kunnuwa a gefe da gefe, da babban yatsa da manuni, kuma suna da tauri ba laifi. Aka sake kawo rago. Wannan karon ni na kwashe tukwanena tukuna. Ragon ya ja har idanunsa suka firfito, turke ya girgiza, maɓalli yana nan. Tsoho ya ƙara matso da dusa, ya ja da baya, ya zagaya ta ɗaya gefen, duk don ya ga abin ya karye. Da ya gaji ya ce a bar shi a jikin ragon ya kwana. Washegari da sassafe ya zo ya duba ta ko'ina, ya matse ya buɗe, ya mayar ya rufe.

"To," in ji shi. "Ba laifi. Amma wanda ya yi wannan bai taɓa kiwo ba, sa'a kawai ya ci."

Aikin ɗinkin ma sai da muka sha rigima. Na warware ɗinkin da ya riƙe zobban na cire su, na zura bel ɗin a ramukan maɓallin, na ninko shi, zan hau keke ya ce zaren keke yanar gizo ce. Dole na nemo zaren masu gyaran takalmi, na goga masa kakin zuma, na ɗinka da hannu, yana zaune a kaina yana cewa in koma in maimaita. Muka auna tsawon yadda yatsa ɗaya kawai zai shiga tsakanin bel da haɓa. Gwajin farko maɓallin ya haɗa da gemu, Tsoho ya zabura ya ce na yi masa aski ba shiri. Sai na yanko 'yar fata mai laushi na ɗinka ta ƙarƙashi ta kare gashin. Ina cewa an gama, sai ya zaro guntun ƙullin nan daga aljihu ya ce in ɗinke shi a gefe, inda za a riƙa ganinsa, gemu kuma ya rufe maɓallin. In zai cire hula a gaban mutane sai ya yi kamar yana fama da ƙullin, ya ɗan ɓata lokaci, sannan ya danna a ɓoye yana tari don kada a ji ƙarar.

Wanda ya tona asirin kuwa shi ne da kansa, kuma ba a daɗe ba. Abokansa na kara sun saba tsokanarsa, da an kusa azahar sai su ce, "Malam Tanko, fara kwancewa tun yanzu ko ka samu raka'ar ƙarshe." Ranar wani dillali mai suna Ɗan Ladi ya matsa masa da yawa. Tsoho ya kasa daurewa. Ya ɗaga gemu a gaban kowa, ya matse, hula ta bar kai kafin Ɗan Ladi ya rufe baki. Kasuwa ta taru. Ya mayar ya cire, ya mayar ya cire, ya ba da labarin rago tun daga farko, har ya bar wani Bafulatani ya gwada a kansa. Kafin magariba babana ya aiko a kira ni.

A zauren Tsoho aka yi zaman. Babana yana kallon bango, Tsoho yana kallon ƙofa, ni ina tsakiya kamar alƙali, hular kuma tana gefe.

Babana ya ce, "Rakiya, tambayi kakanki, mutumin da ko zip bai yarda da shi ba, me ya kai maɓalli haɓarsa?"

"Amarya, gaya masa zamani ne."

"Tambaye shi tun yaushe ya san zamani."

"Gaya masa tun ranar da na haifi mai yi min tambaya."

Na danne dariya da ƙyar. Babana bai yi dariya ba. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Ce masa ba mashin ɗin nake ƙi ba. Ban daɗe da binne uwata ba. Ba na so a kira ni bakin titi."

Wannan ban maimaita ba, don ba sai an maimaita ba. Can Tsoho ya jawo hular, ya rufe maɓallin, ya tura ta gaban babana ya ce, "Ce masa ya buɗe." Babana ya matse, bai buɗu ba, sai da ya ƙara ƙarfi.

Tsoho ya ce, "Ce masa hannun da ya matse wannan zai matse birki. Ranar da na kasa buɗe shi, ni da kaina zan aika masa da makulli. Ba sai ya zo karɓa ba."

Babana ya ce, "Ce masa na ji." Da muka fito ya wanke ni tas a kan ɓoye-ɓoye, na yi ta ba shi haƙuri har ƙofar gida.

Tsoho ya ƙara shekaru yana zuwa kararsa. Kullum kafin ya hau mashin sai ya sa hula, ya rufe, ya buɗe, ya ga hannu yana nan, sannan ya sake rufewa ya tafi. A hankali na fara lura yana cije leɓe in zai matse. Wata rana na ɗauko man keken ɗinkina na ce bari in ɗiga wa kunnuwan su yi laushi. Ya fizge hular ya rungume ta. "Kada ki kuskura. Da wannan taurin na yi alkawari, ba da wanda aka sa wa mai ba."

Wata Lahadi da hantsi na ji yaran unguwa suna dariya a waje, sai ga Tsoho ya yi sallama. A ƙasa ya zo, tun daga gidansa, da farar hular a kansa. Mutanen da ya wuce sun ɗauka wani sabon salon ne na Malam Tanko. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga gemu da bayan hannu.

"Amarya, danna."

Na danna. Ya cire hular, ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin mashin, wanda ban taɓa gani a wajen mashin ba, ya jefa a cikinta ya miƙo min.

"Kai wa ubanki. Ki ce masa na gode da haƙurinsa."

Na fashe da kuka, ban iya riƙewa ba. Ya ce, "Kukan me kike yi? Don angonki ya koma tafiya a ƙasa? Ai da ma na san don mashin kika aure ni."

Na kai wa babana saƙo. Ya karɓi hular ya daɗe yana kallon makullin. Lahadi na zagayowa sai ga shi a ƙofar gidan Tsoho da sassafe, ya goge jan mashin ɗin nan da ya ce ko ɓarawo ba zai hau ba, ya tayar da shi, ya zauna yana kallon gaba. Bai aika a kira ni ba. Tsoho ya fito ya gani, ya ɗauki farar hularsa da babana ya ajiye masa a kan mashin, ya sa, ya hau baya. Haka suka riƙa yi duk mako har ƙarfinsa ya ƙare gaba ɗaya. 'Yan acaɓa sun ce min suna ganinsu a hanya bakinsu yana motsi, don a kan mashin ba a haɗa ido. Abin da suke faɗa ban sani ba, babana bai taɓa gaya min ba. In sun isa kara kuwa, babana ne yake juyowa ya kawar da kai gefe, ya sa hannu ƙarƙashin gemun mahaifinsa ya buɗe masa.

Cikin damina ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya, babana yana riƙe da hannunsa.

Ya Allah, ka san Tsoho fiye da yadda muka san shi. Ka ji ƙansa, ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da Hajiya Indo a inuwa mai sanyi. Babana kuma, da har yau ba ya iya bin hanyar Mai'adua ranar Lahadi, ka sanyaya masa zuciya. Amin.